Sharhi kan Rumbun Hotunan IWM ga Mai Binciken Fursunonin Yaƙi na Jamus

Tsofaffin hotunan sojojin Jamus da aka kama a fagen fama suna daga cikin hotunan da suka fi yawo a Facebook da sauran shafukan tarihi, kuma galibi suna zuwa ne tsirara, babu sunan wanda ya ɗauka, babu rana, babu wuri, ko kuma su zo da bayanin da wani ya ƙaga domin ya ja hankalin jama'a. Mai son bin sawun irin wannan hoto har zuwa tushensa yana buƙatar rumbun da ya adana hoton tare da takardunsa, kuma a cikin waɗanda ake iya shiga daga nesa, na fi daɗewa ina amfani da na gidan adana tarihin yaƙi na Birtaniya, wato Imperial War Museums, wanda aka fi sani da IWM. An kafa shi a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, babban gidansa kuma yana titin Lambeth a kudancin Landan tun 1936. Hotunan da ke hannunsa sun kai kimanin miliyan 11, an kuma ɗora wani kaso mai yawa a shafinsa na intanet, inda kowa zai iya dubawa kyauta ba tare da ya yi rajista ba.

Tsarin binciken ba shi da sarƙaƙiya. Akwai akwati guda da ake rubuta abin da ake nema, sannan a tace sakamakon ta hanyar zaɓar nau'in kaya, domin rumbun ya haɗa hotuna da finafinai da wasiƙu da muryoyin tsofaffin sojoji da aka naɗa, duk a wuri ɗaya. Wanda ya rubuta "German prisoners" bai tace ba zai ga komai ya zubo masa a cakuɗe, amma da zarar ya zaɓi hotuna kaɗai, ya ware yaƙin da yake so, ya kuma ƙara sunan wuri kamar Alamein ko Caen ko Arnhem, sai aikin ya daidaita. Ba kowane bayani ne ke ɗauke da hotonsa ba, saboda an shigar da bayanan wasu kayan alhali ba a kai ga mayar da su na kwamfuta ba, don haka yana da kyau mutum ya fara da waɗanda ke da hoto kafin ya koma kan sauran.

Abin da ya fi ba wannan rumbu daraja a wurina shi ne lambar da ke jikin kowane hoto. Lambar tana farawa da harafi ɗaya ko biyu, kuma haruffan suna gaya wa mai bincike inda hoton ya fito tun kafin ya karanta bayani. Harafin Q ya fi yawa a hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya, E na sojojin ƙasa ne na Birtaniya a Masar da Libiya da sauran Gabas ta Tsakiya, NA ya shafi Tunisiya da Sicily da Italiya, B da BU kuwa na yaƙin arewa maso yammacin Turai ne daga saukar Normandy a watan Yunin 1944 har zuwa faɗuwar Jamus. Da yake an jera lambobin bisa yadda fim ya iso daga fagen daga, hoton da ke gaba da wanda ke baya sau da yawa na mutum ɗaya ne, a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Saboda haka idan aka sami hoton wasu fursunoni a bakin hanya, sai a rage ɗaya ko a ƙara ɗaya a kan lambar a sake nema, kuma ta haka ake ganin su lokacin da ake caje aljihunsu, ko ake ba su ruwa, ko ake loda su a mota. Wani lokaci allon sunan gari da bai fito a hoton farko ba yakan bayyana a na uku ko na huɗu. Shafin bai tallata wannan dabara ba, amma ita ce ta fi kowace amfani.

A ɓangaren Yaƙin Duniya na Ɗaya rumbun yana da ƙarfi ƙwarai. Birtaniya ta naɗa Ernest Brooks a 1916 a matsayin mai ɗaukar hoto na hukuma a fagen Yammacin Turai, John Warwick Brooke ya biyo bayansa, kuma su biyun suka ɗauki mafi yawan hotunan fursunonin Jamus na yaƙin Somme, ciki har da waɗanda aka sa su taimaka wajen ɗaukar raunanan sojojin Birtaniya a kan gadon ɗaukar majinyata. Hotunan 1918 sun fi yawan jama'a, musamman bayan farmakin Amiens na ranar 8 ga Agusta, wanda Janar Ludendorff ya kira baƙar rana ga rundunar Jamus saboda yadda sojojinsa suka riƙa miƙa wuya garke-garke. Akwai wani hoto da David McLellan ya ɗauka a Abbeville a farkon Oktoban wannan shekara, daga wani wuri mai tudu, inda kawunan fursunoni suka cika hoton daga wannan gefe zuwa wancan har babu inda ake ganin ƙasa. Mafi yawansu suna sanye da ƙaramar hular yadi marar baki, jefi-jefi kuma ana hango hular kwano, wasu sun ɗaga kai suna kallon kyamara, wasu ba su ma san ana yi ba. Idan aka faɗaɗa shi a allon kwamfuta ana iya tsayawa kan fuska ɗaya a ga gemun da ya kwana biyu bai ga aska ba, amma bayanin hoton bai ambaci sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, kuma zan dawo kan wannan.

Hotunan Yaƙin Duniya na Biyu mafi yawansu aikin wani sashe ne na sojan Birtaniya da aka kafa a 1941 domin ɗaukar fim da hoto, wanda ake taƙaita sunansa da AFPU. Masu ɗaukar hoton sojoji ne, akasarinsu masu muƙamin saje, an horar da da yawa daga cikinsu a masana'antar fim ta Pinewood, kuma an ɗora wa kowa nauyin cike takardar bayani a kan kowane fim da ya ɗauka, ya rubuta rana da wuri da rundunar da yake tare da ita. Waɗannan takardu su ne tushen bayanin da ake gani a shafin yau, shi ya sa ake samun sunan sajen da ya ɗauki hoto da cikakkiyar rana, abin da ba kasafai ake samu a wasu rumbuna ba. Wani abin lura shi ne cewa kyamarar da yawancinsu suka riƙe, Super Ikonta, ƙirar kamfanin Zeiss Ikon ce ta Jamus, kuma hotunan da take fitarwa tsawonsu da faɗinsu ɗaya ne. Don haka idan aka ga hoton Normandy mai lambar B yana yawo a siffar da ta fi faɗi, akwai yiwuwar an yanke sama ko ƙasansa, kuma abin da aka yanke yana iya zama shi ne abin da mai bincike yake nema.

Inda fursunan babban mutum ne, bayanin yakan cika. Misali shi ne hoton Janar Wilhelm von Thoma, kwamandan Afrika Korps, rundunar Jamus a arewacin Afirka, wanda aka kama ranar 4 ga Nuwamban 1942 a ƙarshen yaƙin El Alamein. Ana ganinsa cikin kakin da ƙurar hamada ta ɓata yana sara wa Janar Montgomery na Birtaniya, shi kuwa Montgomery yana tsaye cikin rigar sanyi da baƙar hularsa, kuma an san cewa a daren nan tare suka ci abinci, lamarin da ya jawo surutu a Ingila. Haka ma akwai hotunan Janar von Arnim bayan an kama shi a Tunisiya a watan Mayun 1943, lokacin da sojojin Jamus da na Italiya kusan 250,000 suka ajiye makamai. Amma janar-janar ƙalilan ne, kuma sauran dubban da ke zaune a bayan waya mai ƙaya an taƙaita su da kalma ɗaya, fursunoni.

A nan ne ya kamata mai amfani da rumbun ya yi hattara. Hoton fursuna makami ne a lokacin yaƙi, domin yana nuna wa mutanen gida cewa ana cin nasara, yana kuma nuna wa abokan gaba cewa wanda ya miƙa wuya ba a kashe shi. Duk hoton da AFPU ta ɗauka sai ya bi ta hannun masu tace labarai kafin ya isa jarida, bayanin da ke ƙarƙashinsa kuma muryar wanda ya yi kamun ce. Abin yabo ne cewa IWM bai goge tsohon bayanin ba, a wurare da yawa yana nuna a fili cewa wannan shi ne ainihin rubutun lokacin yaƙi, ko da yana ɗauke da ba'a ko fariya, sannan ya ajiye nasa gajeren bayanin daban. Sai dai ba a kan kowane hoto aka yi gargaɗin cewa shirya shi aka yi ba, alhali masana tarihin AFPU sun tabbatar da cewa a yaƙin hamada an sake shirya wasu al'amura domin kyamara. Saje Len Chetwyn da 'yan tawagarsa sun yi suna a kan haka, kuma sanannen hoton nan na sojoji suna kutsawa cikin hayaƙi a El Alamein yana cikin waɗanda aka shirya a bayan fage. Saboda haka duk hoton da ya nuna daidai lokacin da Bajamushe yake fitowa daga tankar yaƙi hannu a sama, mai ɗaukar hoto kuma yana tsaye a fili ba tare da ya fake ba, haske ya zauna daidai, kowa yana inda ya dace, ya cancanci a yi masa kallon tsanaki. Hotunan da na fi yarda da su su ne marasa armashi, na mutanen da ke zaune a ƙasa suna jiran mota.

Akwai kuma batun mutuncin wanda ke cikin hoton. Yarjejeniyar Geneva ta 1929, wadda Birtaniya da Jamus duk suka amince da ita, ta ce a kare fursunan yaƙi daga cin zarafi da zagi da mayar da shi abin kallon jama'a, ta 1949 kuma ta maimaita haka. Da yawa daga cikin hotunan 1945 na yara ne 'yan shekara sha biyar ko sha shida da dattawan da aka tattara a ƙarshen yaƙi, wasu suna kuka, kuma wanda zai sake wallafa su ya kamata ya riƙe bayanin da ya zo da su, kada ya ƙara musu nasa gishirin.

Tunda rumbun ba ya ba da suna, aikin gane ko su wane ne fursunonin yakan koma kan kayan jikinsu, kuma ingancin hoton da shafin ke nunawa ya isa a yi wannan a mafi yawan lokuta. Sojan ƙasa na Jamus yana ɗauke da tambarin gaggafa a ƙirjinsa na dama, na Waffen-SS kuwa, wato sashen yaƙi na ƙungiyar SS ta 'yan Nazi, a hannun rigarsa na hagu. Matuƙan tankar yaƙi suna sa baƙar riga mai alamar ƙoƙon kai a wuya, abin da ke sa mutane da yawa, har da sojojin da suka kama su a wancan lokaci, su ɗauke su 'yan SS alhali ba su ba ne. Sojojin laima suna da hular kwano marar baki wadda ta bambanta da ta sauran, mayaƙan Volkssturm kuwa, wato rundunar tsaron gida ta yara da dattawa da aka kafa a ƙarshen 1944, sau da yawa kayan gida ne a jikinsu sai ɗan ƙyalle a damtse. A yaƙin farko ma hula tana taimakawa wajen sanin shekara, domin a 1916 ne hular kwano ta ƙarfe ta fara maye gurbin tsohuwar hular fata mai tsini a ka. Shafin ba ya koyar da waɗannan abubuwa a jikin bayanin hoto, sai mutum ya zo da saninsa.

Wanda burinsa shi ne gano wani mutum takamaimai dole ya ƙetara zuwa wasu ofisoshi. Bayanan sojojin Jamus na yaƙi na biyu, har da na waɗanda aka kama, suna Berlin a ofishin da aka daɗe ana kira WASt, wanda aka haɗe da rumbun tarihin tarayyar Jamus, Bundesarchiv, a 2019. Kwamitin Red Cross na duniya a Geneva ya ɗora katunan fursunonin yaƙin farko a intanet tun 2014, ana iya nema da suna, Red Cross ta Jamus kuma tana da sashen neman waɗanda suka ɓata. Ba laifin IWM ba ne cewa ba shi da waɗannan takardu, amma da shafin yana nuna wa baƙo wannan hanya daga jikin hotunan fursunoni, da ya rage wa mutane kai-komo.

Wani abin da ya kamata a sani tun farko shi ne rumbun na Birtaniya ne da ƙasashen da suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutarta, don haka inda ba sojojinta suka yi kamun ba, abin da ke akwai kaɗan ne. Fursunoni kimanin 91,000 da aka kama a Stalingrad a farkon 1943, waɗanda ba su fi 6,000 suka koma gida ba, da kuma kimanin 57,000 da aka zagaya da su a titunan Mosko ranar 17 ga Yulin 1944, masu ɗaukar hoto na Tarayyar Sobiyet ne suka ɗauke su. Fiye da 300,000 da aka yi wa ƙawanya a yankin Ruhr a watan Afrilun 1945, da sansanonin da aka buɗe a filin Allah a gaɓar kogin Rhine kamar na Remagen da Sinzig, aikin Amurkawa ne, hotunansu kuma suna rumbun tarihin Amurka da ke College Park a jihar Maryland. Daga ɓangaren Amurka ne ma aka sami wani misali da ke nuna haɗarin raba hoto da bayaninsa, wato hoton wani matashi mai kamannin mutanen Asiya cikin kakin Jamus da aka kama a gaɓar Utah a Normandy. Bayanin asali bai ba shi suna ba, amma daga baya an laƙaba masa suna da dogon labari cewa ɗan Koriya ne da ya yi wa ƙasashe uku yaƙi, kuma da wani gidan talabijin na Koriya ta Kudu ya bi diddigi a 2005 bai sami hujjar da ta tabbatar da labarin ba.

Inda rumbun ya sake yin fice shi ne rayuwar fursunoni a cikin Birtaniya kanta. Yawansu ya kai kusan 400,000 a 1946, ba a kuma gama mayar da su gida ba sai 1948, kuma akwai hotunansu suna aikin gona, suna gyaran hanya, suna buga ƙwallo a sansani, da manyan faci a bayan rigunansu domin a gane su daga nesa. Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna cewa Bert Trautmann, golan Manchester City da ya ƙarasa wasan ƙarshe na kofin FA a 1956 da karyayyen wuya, daga cikin waɗannan fursunoni ya fito.

Mai karatu daga Najeriya ko Kamaru zai so ya san ko akwai abin da ya shafe shi, kuma akwai, sai dai a yaƙin farko ne. Sojojin Najeriya na rundunar Afirka ta Yamma sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Harin farko da aka kai Garwa daga Yola a watan Agustan 1914 bai yi nasara ba, garin bai faɗi ba sai watan Yunin 1915, Kyaftin Ernst von Raben na Jamus kuma ya riƙe dutsen Mora har zuwa 18 ga Fabrairun 1916 kafin ya miƙa wuya. Da yake an gama wannan yaƙi kafin tsarin masu ɗaukar hoto na hukuma ya kankama, kada a sa ran samun jerin hotuna masu rana da suna irin na Faransa, kuma wajibi ne a gwada tsohon rubutun sunayen, a nemi Garua da Garoua, a nemi Cameroons da Kamerun. A yaƙi na biyu kuwa, sojojin Najeriya Italiyawa suka yaƙa a Somaliya da Habasha a 1941, sannan Japanawa a Burma, saboda haka idan wani gida yana da hoton kakansu tsaye kan Turawan fursunoni daga wancan zamani, ya fi kyau a fara binciken ta ɓangaren Italiya.

Game da kuɗi da izini, IWM yana da lasisin da ya ba malami ko ɗalibi ko mai shafin da ba na kasuwanci ba damar amfani da ƙaramin kwafin hotuna da yawa kyauta, muddin ya rubuta sunan gidan da lambar hoton. Wanda zai buga littafi ko ya sa a fim sai ya nemi izini ya biya, kuma da yake da fam ake lissafi, abin yana da nauyi ga mai riƙe da naira ko sefa. Duk da haka ya fi sauƙi a kan abin da na gani a wani kamfanin sayar da hotuna da ba zan ambaci sunansa ba, wanda ya sa farashi mai tsada a kan wani hoton fursunoni da aka ɗauka a Italiya, ya kuma rubuta cewa a Faransa aka ɗauka, alhali lambar NA tana nan a kan asalinsa. Shafin na IWM da Turanci kaɗai yake, yana buɗewa a waya ba tare da cin data mai yawa ba, amma duba tambarin wuyan riga ko rubutun allon hanya yana buƙatar babban allo. Abubuwan da ba a ɗora ba sai an nemi lokaci a ɗakin bincikensu na Landan, wanda ba kowa ne zai iya zuwa ba.

A ganina, malamin tarihi da ɗan jarida da ɗalibin jami'a da ke son tabbatar da rana da wuri da wanda ya ɗauki hoton fursunonin da sojojin Birtaniya suka kama ba su da wurin farawa da ya fi wannan, kuma ba za su kashe ko sisi ba kafin su kai ga amsa. Wanda ke neman sunan mutum ko hotunan fagen Gabashin Turai zai ɓata lokacinsa idan ya tsaya a nan. Duk hoton da aka sauke a ajiye shi da lambarsa a matsayin sunan fayil, a kwafe tsohon bayanin da sabon kowanne daban, sannan a duba lambobin da ke gaba da bayansa kafin a rufe shafin.